Bayan an cire zare: dajin hanji mai majina da hanyar da yake bi ya dawo

Shirin lafiya na wannan mako ya yada zango ne a Ƙofar Dundaye, ɗaya daga cikin ƙofofi takwas na tsohuwar ganuwar Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Ganuwar ta daɗe da zubewa, sunan ne ya zauna ya zama na unguwa. Ta nan hanya take miƙewa zuwa Dundaye, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake. Asibitin koyarwa na jami'ar kuwa yana cikin gari, a kan titin Garba Nadama, kuma can ne ake kai masu manyan cututtuka daga Sakkwato da Kabi da Zamfara, har da 'yan uwa na Jamhuriyar Nijar da ke shigowa ta Illela.

Akwai wata magana da ake ji a zaurukan wannan unguwa, kamar yadda ake jin ta a Kano da Katsina da Maraɗi: daji ba ya son ƙarfe. Wato in aka taɓa ciwon daji da wuƙar likita ko allura, to an tsokane shi, sai ya fusata ya bazu. Masu faɗar haka ba daga sama suka tsinto ta ba. Sun ga an yi wa mutum aiki a ciki, an cire zare, ya dawo gida yana cin tuwo yana fita masallaci, an yi ta barka da arziki. Shekara ɗaya da rabi, sai ciki ya fara kumbura, jiki yana zubewa. Abin da idonsu ya gani gaskiya ne. Dalilin da suka ba shi ne ba daidai ba, kuma wannan kuskure yana cin rai, domin shi ke hana na gaba zuwa asibiti. Batun yau shi ne wani nau'in dajin babban hanji da dubura wanda ya fi sauran ba wa waccan magana ƙarfi: daji mai majina, wanda likitoci ke kira miyusinas.

Ba a gane shi da ido, ba a kuma gane shi da ganin majina a bayan gida, domin atini ma yana kawo wannan. Idan likitan tiyata ya yanke sashen hanjin da ke da ƙari, sai a sa shi cikin ruwan magani a aika ɗakin bincike. A can wani likitan daban, wanda majinyaci ba ya ma ganinsa, zai yayyanka naman siriri ya duba a madubin ƙara girma. Dajin hanji na gama-gari tsoka ce cunkushe. Wannan kuwa tafkuna ne na yauƙi, ƙwayoyin cutar na yawo a ciki kamar 'ya'yan kuɓewa a miya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sai majinar ta wuce rabin ƙarin kafin a ba shi wannan suna. A Turai da Amurka, cikin masu dajin babban hanji 100, tsakanin 10 zuwa 15 ne ke da shi. Ya fi tsirowa a ɓangaren dama na hanji, ya fi ɗan yawa a mata da masu ƙananan shekaru, kuma sau da yawa sai ya girma ake gano shi, domin hanjin dama yana da faɗi, ƙari na iya daɗewa a ciki bai toshe komai ba. Abin da kawai za a gani shi ne ƙarancin jini da kasala.

To me ya sa ciwon da aka yanke aka fitar zai dawo? Saboda tun kafin a shiga ɗakin tiyata, wasu ƙwayoyin sun riga sun bar gida. Ƙanana ne ƙwarai, babu hoton da ke nuna su, babu hannun likitan da zai laluba ya ji su. Suna nan kwance watanni, wani lokaci shekaru, kafin su taru su zama ƙari. Wuƙa ba ta haife su ba, ta tarar sun riga sun tafi ne. A cikin waɗanda aka yi wa aiki da niyyar warkarwa a mataki na biyu da na uku, kusan mutum 3 cikin 10 ne ciwon ke dawo wa. Wani babban nazari da ya tattara bayanan majinyata sama da dubu 20, wanda aka wallafa a 2005, ya nuna kashi 80 cikin 100 na dawowar yana faruwa ne a shekaru ukun farko. Bayan shekara biyar abin ya yi ƙaranci sosai.

Mutum biyu da duniya ta sani sun isa misali a dajin hanji gaba ɗaya. A watan Yulin 1985 aka yanke wa shugaban Amurka Ronald Reagan wani sashe na hanjinsa na dama. Ciwon bai kai ga kaluluwa ba. Ya kammala mulkinsa, ya rayu har 2004, ya rasu yana da shekara 93 da wata cutar daban. Shi kuwa Pele, sarkin ƙwallon Brazil, an cire masa ƙari a hanji a watan Satumban 2021, ciwon ya ci gaba duk da magani, ya rasu ranar 29 ga Disamban 2022. Ƙarfe ya taɓa su duka biyun. Abin da ya raba su shi ne inda cutar ta kai.

Inda mai majina ya bambanta da ɗan uwansa shi ne hanyar da yake bi. Jinin da ya fito daga hanji hanta yake fara zuwa, shi ya sa dajin hanji na gama-gari in zai bazu, hanta yake nufa, sai huhu. Mai majina yana bin wannan hanya shi ma, amma yana da wata da ya fi so. Duk wanda ya taɓa feɗe rago ranar layya, kuma a Sakkwato kusan kowane magidanci ya taɓa, ya san wani tantani mai sheƙi da ya lulluɓe kayan ciki da bangon cikin. Ɗan Adam ma yana da shi. Idan ƙari mai majina ya ci kaurin hanji ya fito ta baya, ko ya fashe, yauƙin yana ɗauke da ƙwayoyin cutar ya malala a kan wannan tantani, su manne nan da can su tsiro.

Likitoci a Holan sun auna wannan. Wani ayari a birnin Nijmegen, wanda Niek Hugen yake ciki, ya duba rahotannin binciken gawa na mutane sama da 1,600 da dajin hanji ya bazu a jikinsu, aka wallafa sakamakon a 2014. A masu nau'in gama-gari, kusan mutum 1 cikin 5 ne cutar ta kama tantanin ciki. A masu majina kuwa kusan rabi ne. Hanta kuma akasin haka: kashi 73 cikin 100 a gama-gari, kashi 52 a mai majina. A mata yakan sauka a ƙwan mahaifa, har a ɗauka ciwon mata ne.

Wannan bambanci ba na littafi ba ne kawai. Ƙari a hanta dunƙule yake, hoton CT yana nuna shi, kuma in ɗaya ne ko biyu ana iya yanke shi. Na tantanin ciki kuwa warwatse yake, ƙanana-ƙanana, wanda bai kai rabin santimita ba sau da yawa hoto ba ya kama shi. Har hoton PET mai tsadar gaske, wanda ake tura mutane Legas ko ƙasar waje su yi, yana iya kuskure shi, domin na'urar ƙwayoyin da ke shan sukari take nema, shi kuwa wannan ƙari yawancinsa yauƙi ne, ƙwayoyin kaɗan. Ashe ke nan mutum na iya riƙe da hoto mai kyau alhali abu na tsirowa. Shi ya sa ba a jingina ga hoto kaɗai.

Tambayar da iyali ke yi a bakin ɗakin likita ita ce: «Likita, wannan ɗin mai tsanani ne?» An daɗe ana koya wa ɗaliban likita cewa e, mai majina ya fi muni. Da aka zauna aka yi lissafi, sai abin ya sassauta. A 2012 masu bincike a Beljiyam sun haɗa nazarce-nazarce 44 da suka ƙunshi majinyata sama da dubu 200, suka ga ƙarin haɗarin mutuwa bai wuce kashi 2 zuwa 8 cikin 100 ba. Littafin rabe-raben ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ma bai ɗauke shi a matsayin mai mummunar makoma don majinarsa kawai ba. Mugun sunan da ya yi, yawancinsa daga makara wajen gano shi ne. In aka jera mutum biyu da ke mataki ɗaya, aka yi musu aiki iri ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu a hanji kaɗan ce.

Mataki shi ne maganar. A ƙididdigar Amurka, wanda aka kama nasa bai fita daga hanji ba, kusan 9 cikin 10 suna raye bayan shekara biyar. In ya kai kaluluwar da ke kusa, kusan 7 cikin 10. In ya kai hanta ko huhu ko tantanin ciki, ba su kai 2 cikin 10 ba. Waɗannan alƙaluman ƙasa ce mai wadatar asibitoci, kuma labarin taron jama'a suke bayarwa, ba ajalin wani mutum ɗaya ba. Amma tsaninsu ɗaya ne ko'ina.

Akwai wani ɗan uwansa da bai kamata a haɗa su ba, wanda majinar ke cikin ƙwayar kanta, ta tura cibiyar ƙwayar gefe har ta yi siffar zobe. Bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, amma shi kam mai tsanani ne ko a wane mataki. In takarda ta ambaci ƙwayoyi masu siffar zobe, likita zai ƙara sa ido.

A dubura labarin ya ɗan fi wuya. Wurin matsattse ne, ƙashi ya kewaye shi, ƙari mai majina kuma babba ne mai laushi, yana iya yagewa a hannu. Gashin daji da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin cutar, da ake yi kafin aiki don ƙarin ya motse ba su cika rage shi yadda suke rage na gama-gari ba. Kafin shekarun 1980, a asibitoci da dama ciwon dubura yana dawowa a wurin da aka yanke ga mutum 1 cikin 4, ko fiye. A 1982 wani likitan Ingila, Bill Heald na garin Basingstoke, ya bayyana salon cire dubura tare da kitsen da ke kewaye da ita cikin jakarsa, ba tare da an huda jakar ba. Dawowar ta sauka ƙasa da 1 cikin 10. Ayarin nan na Holan ya nuna a 2015 cewa da wannan salo ya zama ruwan dare a ƙasarsu, tare da hoton MRI da gashi kafin aiki, tazarar da ke tsakanin mai majina da na gama-gari ta kusa rufewa. Don haka wanda aka ce yana da ƙari a dubura, in ba gaggawa ba ce ta toshewa, yana da kyau ya nemi asibitin da ke yin wannan aiki a kai a kai. Asibitin koyarwa na Sakkwato yana da sashen gashin daji, yana cikin 'yan ƙalilan da ake da su a Arewa.

A Najeriya, hasashen hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya nuna ana samun sabbin masu dajin hanji da dubura sama da dubu 8 a shekara, kuma yawancin waɗanda ke isa asibiti sun riga sun kai mataki na uku ko na huɗu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutum ya ga jini a bayan gida, sai a ce basir ne. Mai magani da lasifika a bakin kasuwa yana da ƙullinsa, maƙwabci yana da saiwarsa, kunya kuma ta hana a bari likita ya sa yatsa ya duba. Basir gaskiya ne, ya kuma fi daji yawa nesa ba kusa ba. Amma basir da aka yi wata shida ana sha masa jiƙo, mutum na ramewa, ya cancanci a leƙa.

Wani abu kuma ya fito daga Ile-Ife da ya shafi batun yau kai tsaye. Farfesa Olusegun Alatise na asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo, da Peter Kingham na cibiyar daji ta Memorial Sloan Kettering a New York, sun kafa wata ƙungiyar bincike a 2013. A 2021 suka wallafa nazarin ƙwayoyin halittar dajin hanji na 'yan Najeriya. Sun ga majinyatan nan sun fi na can ƙuruciya, nasu ya fi yawa a dubura, ya kuma fi kama tantanin ciki. Sannan kashi 28 cikin 100 na ƙarin 'yan Najeriya suna da wata alama da ake kira MSI, alhali a New York kashi 14 ne.

Ga abin da alamar ke nufi. Kowace ƙwayar jiki tana da masu gyaran kuskure idan tana kwafar bayanan halittarta. A wasu ƙarin, masu gyaran sun lalace, kurakurai sun taru har ƙwayar ta zama baƙuwa a idon garkuwar jiki. Daji mai majina, musamman na dama, ya fi na gama-gari ɗaukar wannan alama. A mataki na biyu albishir ne, domin irin wannan bai cika dawowa ba, kuma sau da yawa ba ya bukatar kemo. Sannan shi ne ke jin sabbin magungunan da ke sakin garkuwar jiki ta yaƙi ciwon. A 2022 likita Andrea Cercek ta ba da rahoton mutum 12 masu dajin dubura mai wannan alama da aka ba maganin dostalimab na wata shida: a dukkansu ƙarin ya ɓace, ba aiki, ba gashi. Kuɗin irin waɗannan magunguna ya fi ƙarfin kusan kowa a Ƙofar Dundaye, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Abin takaicin shi ne al'ummar da alamar ta fi yawa a cikinta ita ce ta fi nisa da maganin. Amma gwajin alamar kansa ana yin sa ne a kan naman da aka riga aka cire, kuma amfaninsa bai tsaya ga magani mai tsada ba.

Nan ne maganar takarda ta shigo. Sau da yawa ana sallamar majinyaci kafin sakamakon nama ya fito, domin yakan ɗauki makonni. Ciwo ya warke, kuɗi sun ƙare, sai a bar takardar a asibiti. Wani lokaci ma 'yan uwa ne ke riƙe da robar naman, aka ce su kai ɗakin bincike su biya, sai su ga ai an riga an cire, su binne. Wannan asara ce babba. A cikin takardar ne aka rubuta nau'in ciwon, da zurfin da ya ci a bangon hanji, da ko bakin yankan ya fita tsab. A nan ne kuma aka ƙirga kaluluwa: ana son a samu aƙalla 12 a duba, a faɗi nawa cutar ta shiga. Duk shawarar da za ta biyo baya a kan wannan takarda take tsaye. A karɓe ta, a yi mata kwafi, a ɗauki hotonta a waya.

In kaluluwa ta kamu, ko ƙarin ya huda hanji, sai kemo, kuma ana son a fara cikin mako 6 zuwa 8 bayan aiki. A nan ake rasa mutane da yawa. Ɗa zai ce wa mahaifinsa: «Baba, likita ya ce a koma a sa ruwan nan.» Tsoho ya ce: «Ai na warke, me za a koma nema? Ku bar ni haka, kuɗin ku yi wa yara hidima.» Maganar tausayi ce, amma lissafinta bai fita ba. Kemo na bayan aiki ba don ƙarin da aka cire ake yin sa ba, don waɗancan ƙwayoyin ne da suka riga suka fita, a lokacin da suke da rauni. Bayanan Holan sun nuna masu majina a mataki na uku suna amfana da shi daidai da sauran. Sai cutar ta bazu ta yi ƙarfi ne mai majina yake taurin kai ga kemo, wanda hakan ma dalili ne na kada a jira.

Nauyin ma ya ragu. A da wata shida ne ga kowa. Wani nazari na majinyata kusan dubu 13 da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa ga masu ƙaramin haɗari a mataki na uku, wata uku na ƙwayar kafesitabin da ruwan okzalifilatin ya wadatar, kuma mutuwar yatsu da maganin ke jawowa ta ragu sosai. Mai shan wannan magani ya guji ruwan sanyi da ƙanƙara a kwanakin farko bayan ƙarin ruwa, ko da zafin Afirilu ne, domin sanyi na tayar da mutuwar yatsu da shaƙewar maƙogwaro. In kuma watan azumi ya riske shi a tsakiyar magani, ya tambayi likita ya tambayi malami, addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Bayan kemo sai bibiya, shekara biyar. Ginshiƙinta gwajin jini ne mai suna CEA, wanda Phil Gold da Samuel Freedman suka gano a Kanada a 1965. Ana yin sa duk wata 3 zuwa 6 a shekaru biyun farko, sannan duk wata 6. Hawansa a jere ake kallo, ba lamba ɗaya ba, kuma shan taba yana ɗaga shi ko babu ciwo. Sai hoton CT na ƙirji da ciki, sai leƙen hanji da na'ura mai kyamara shekara ɗaya bayan aiki. Wanda aka yi wa aikin gaggawa ba a leƙa sauran hanjin ba, a leƙa cikin wata shida.

Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai labari mai sanyaya rai. A Ingila, wani gwaji na mutum 1,202 da aka wallafa a 2014 ya nuna CEA kaɗai, ko CT kaɗai, kowanne ya ninka kusan sau uku yawan waɗanda aka kama dawowar ciwonsu a lokacin da za a iya sake yankewa, kuma haɗa su biyun bai ƙara wani abin kirki ba. A 2018 wani gwajin na mutum kusan 2,500 a Suwidin da Denmak da Uruguwai ya kwatanta hoto sau biyar da hoto sau biyu cikin shekara uku, bai ga bambanci a yawan masu rai ba. Wato ba sai an sayar da gona ana hoto duk wata uku ba. Gwajin jini mai sauƙin kuɗi a kan lokaci, da hoto a shekara ta farko da ta uku, da zuwa likita ya taɓa ciki, sun fi a ɓace gaba ɗaya. Wanda abin ya gagara, ya tuntuɓi ofishin jin daɗin majinyata na asibiti ko Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato.

Tunda hoto na iya kuskure na tantanin ciki, jikin mutum da idon iyalinsa su ne masu gadi. Ciki yana girma alhali hannuwa na ramewa, ƙoshi bayan loma uku, murɗawa da amai da ke zuwa suna tafiya, kwana biyu ba bayan gida ba tusa, wani ƙullutu a cibiya ko a kan tabon aiki: ko ɗaya daga cikinsu, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. Ga wanda aka yi wa aikin dubura, a ƙara da ciwon ƙugu mai sauka ƙafa da hana barci. A wannan yanki kumburin ciki yana da iyaye da yawa, akwai ciwon hanta, akwai tarin fuka na ciki, kuma dukansu suna da magani. A unguwa kuma za a ce sammu ne. Wanda ya taɓa yin dajin hanji ya fara da likitan da ya san tarihinsa, da takardarsa a hannu.

In ya dawo fa? Ba kullum ne ƙarshen magana ba. Ƙarin hanta da aka iya yankewa duka, kusan 4 cikin 10 ko fiye suna kai shekara biyar. Na tantanin ciki ma, in bai yi yawa ba, akwai aikin da likitan Amurka Paul Sugarbaker ya yaɗa: a bi a ɓare duk tantanin da ya kamu, sannan a wanke cikin da kemo mai ɗumi. Asibitocin ƙasashen waje suna tallan wankin nan sosai, kuma dillalan neman magani a Indiya da Masar sun iya faɗarsa. Sai dai a sani: wani gwaji a Faransa kan mutum 265, da aka wallafa a 2021, ya ga waɗanda aka yi wa aikin da wanki da waɗanda aka yi wa aikin kaɗai, dukansu wata 41 da ɗoriya suka samu a tsakaice, kuma masu wankin sun fi samun matsala daga baya. Amfanin yana cikin ƙwarewar yankan da kuma zaɓen wanda ya dace. Kafin a ɗaga gida ko shanu, a kai hotuna ga likitan gida ya faɗi ko mutum yana cikin waɗanda aikin zai amfana. In ba ya ciki, akwai sauran abin yi: zuƙe ruwan ciki, buɗe wa hanji hanya, da maganin ciwo mai ƙarfi irin mofin, wanda ba alamar an sallama mutum ba ce.

Abin da majinyaci zai yi da ƙafarsa kuma ya samu hujja a 2025. Wani gwaji da Kanada ta jagoranta, na mutum 889 da suka gama kemo, ya sa rabinsu a tsarin motsa jiki na shekara uku, yawancinsu tafiya ce da sauri, kamar minti 45 sau uku ko huɗu a mako. Haɗarin dawowar ciwo ko mutuwa ya ragu da kashi 28 cikin 100. Tafiyar bayan Asuba, kafin rana ta buɗe, ba ta cin ko kwabo. A shekarar kuma wani gwaji da Suwidin ta jagoranta ya nuna asfirin na rage dawowa, amma ga masu wani canji na musamman a ƙwayar ƙarin, kuma yana iya jawo zubar jini, don haka ba abin saye a kemis ba ne da ka. Wanda aiki ya bar shi da jakar bayan gida a ciki, kada ta zaunar da shi: yana iya tafiya, yana iya noma, malamai kuma suna da bayani a kan alwalar mai lalura irin wannan.

Saura iyali. Wani kaso na masu alamar MSI gadonta suka yi, ciwon da ake kira da sunan likita Henry Lynch, wanda ya bayyana shi a 1966. Kowane ɗa ko 'ya na mai wannan gado, rabi da rabi ne ya ɗauka, kuma a mata yana kawo dajin mahaifa. A gidan da aka tabbatar da shi, ana fara leƙen hanji tun shekara 20 zuwa 25, ana maimaitawa duk shekara ɗaya ko biyu. Ko babu gadon, wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan uwansa na ciki ɗaya ya yi dajin hanji, ya fara leƙe a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano na ɗan uwan, duk wanda ya riga zuwa. In an gano na uba yana da 42, 'ya'yansa a 32 za su fara. Wannan yana bukatar a faɗa wa 'ya'ya da ƙanne sunan ciwon ƙarara, maimakon a ce musu ciwon ciki ne aka yi wa aiki. Ƙaramin tsiron da kyamara ta gani a hanji ana tsinke shi nan take ta cikin na'urar, ba tare da an buɗe ciki ba, mutum ya koma gida a ranar.

Nan shirin zai dakata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. A huta lafiya.